Tela Mai Yadi Uku a Bakin Titi

"Ya gajiyar hanya kuma, tsoho? Ko ba a tambayar wanda ya yi ta gyangyaɗi a mota?"

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Ke ce dai na ga kin rame. Da a gidana kike, da ba haka ba."

Kakana ke nan, mahaifin babata, shekara arba'in da shida yana kan keken ɗinki. A bakin dandalin da ke tsakiyar babban birni na tare shi, ƙarfe sha ɗaya da minti goma. An ba masu ɗaukar hoto shingen dandalin na kwana talatin, ni na samu gurbi goma sha biyu. Na ɗauki masu sana'a goma sha biyu, aka buga kowannensu a kan tampol mai tsayin yadi uku, aka ɗaure da sassafe. Sharaɗin ɗaya ne: kowa sai ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a kafa fuskarsa a titi, wanda bai sa ba zuwa sha biyun rana, a sauke hotonsa. Sha ɗaya sun sa. Tsohon nan na bari a ƙarshe, don na ɗauka a aljihuna yake.

"Ina abin da kika taso ni dominsa? Riguna uku na bari a kan teburin yanka."

"Ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Ya ƙare wa hoton farko kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan kuma wane ne?"

"Mijina ne. Ka san shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Wannan ai ya girmi babana."

"Hularka ce a kansa."

"Hula nawa ce a garin nan?"

"Tef ɗinka ne a wuyansa, wanda inci huɗun farko suka goge."

"To ɓarawo ne. Ki kira 'yan sanda."

A hoton yana zaune gaban keke, allura a hagu, zare a dama, ya ɗan fito da harshe. A kan hancinsa kuwa tabarau ɗin matarsa ne, Kaka, mai ruwan hoda, da ƙananan furanni a gefe. Duk layin teloli kuma babu wanda bai haddace cika bakinsa ba: shi ko a duhu yana zura zare a allura, tabarau na ragwaye ne.

"Yaushe kika yi mini wannan aika-aikar?"

"Ranar da ka ce in jira ka a waje kana canja riga. Hoto ashirin da bakwai na ɗauka ta taga. A ashirin da shida lalube kake yi, a ɗaya ka samu ramin."

"Ajiya kakarki ta ba ni. Na rasa inda zan sa, na ɗora a hanci."

"Ita kuwa ta ce kullum da hantsi sai ta neme shi ta rasa. Har kyanwa ta fara zargi."

"Kyanwar ma ba ta da gaskiya." Ya waiga titi. "Motocin nan da ke tsayawa a danja, daga ina suke tasowa?"

"Daga layinku. Goma sha huɗu a awa, na ƙirga."

"Ke nan mai ɗinkin hula zai gani. Mutumin da na shekara ashirin ina kira makaho."

"Zai gani sarai. Shi ai da nasa tabarau yake yawo, ba na matarsa ba."

Na miƙa masa takarda da biro. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Je ki, na sake ki."

"Saki na goma sha tara ke nan a bana. Sa hannu tukuna, sai in kwashe kayana."

"Kayan me? Da me kika zo gidana ban da ci da surutu? Ki sauke shi, ki kafa na kakarki."

"Masu sana'a aka ce. Ita yanzu ba ta da sana'ar da ta wuce neman tabarau."

Jami'ar da ke kula da dandalin ta wuce da fayil a hannu, maza biyu na binta da tsani. Ta nuna mini agogonta ba tare da ta tsaya ba. Saura minti ashirin da biyar.

"Tsoho, tsaya ka ji," na ce. "Mu tamanin da uku muka nemi gurbin nan. Da wannan hoton aka zaɓe ni, shi ya sa yake farkon layi. In aka sauke shi, ƙarfen shinge mutane za su fara gani, da sunana a ƙasa."

"Su tamanin da biyun sun fi ki kunya, shi ya sa."

"Kai kuma ka fi sauran sha ɗayan kyau."

"Wannan ba labari ba ne. Tun kafin a haifi babarki aka sani."

Iska ta taso, tampol ɗin ya kumbura ya koma. Sai na ga idon tsoho ya bar fuskar ya sauka ƙasa. Ya matsa, ya kama bakin tampol ɗin, ya bi shi da babban yatsa.

"Wa ya yi wannan kalmasar?"

"Masu bugawa."

"Da me? Da haƙori? Dubi, yatsa biyu tsakanin ɗinki da ɗinki. Zaren kuma na rigar jariri. Kwana nawa kika ce?"

"Talatin."

"Wannan ba zai ga kwana biyar ba. Iska ɗaya za ta yaga ni daga haɓa har hula, in tashi in rufe gilashin motar wani."

"Ai ka ce ba kai ba ne."

"Ko ba ni ba ne, tela ne. Ba a gabana za a wulaƙanta tela da irin wannan ɗinki ba."

Ya zaro allura daga jikin hularsa, ya ciro zare mai kauri daga aljihu, ya lashi bakin zaren, ya auna ramin allurar.

"Ɗaya," na ce.

"Iska ce."

"Biyu. Uku."

"Kin tare mini haske da wannan kan naki."

"Huɗu. In matsa? Biyar."

A na bakwai ya miƙo mini. "Ungo, zura. In gani ko kin isa a mayar da ke ɗakinki."

"Takarda tukuna."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya sa hannu a aljihun ƙirji. Furannin ne suka fara leƙowa.

"Kaka na can tana kwashe wa kyanwa albarka ke nan."

"Sun saba. Riƙe mini nan, ki ja da ƙarfi, ba irin jan da kike wa aiki ba."

Sau ɗaya ya zura. Daga nan bai ƙara kula ni ba. Ya durƙusa, ya ninka bakin tampol ɗin biyu, allura na shiga tana fita kamar ta san hanya. Na ƙirga ɗinki ɗari da goma sha shida daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu wanda ya fi wani tsawo. Yana cizge zaren jami'ar ta iso, masu tsani a bayanta. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta sake duban sama.

"Sannu da aiki, Baba. Ashe kai ne."

"Yayana ne. Kin ga ai ya fi ni tsufa."

"To in yayan naka bai sa hannu ba, yanzu za mu sauke shi."

Masu tsani suka jingina shi da shinge. Tsoho ya miƙe, ya tsaya tsakaninsu da hoton.

"A sauke me? Ɗinkin da ko minti ɗaya bai yi ba? 'Yata, taɓa nan ki ji. Ki zaga dandalin nan kaf, in kin samu kalmasa irin wannan ki dawo ki sauke ni da hannunki." Ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba. "Ba ni biron nan, amarya, kafin su lalata mini aiki."

Sha biyu saura minti huɗu ya sa hannu. Jami'ar ta karɓi takardar tana danne dariya, aka ɗauke tsani.

"Amma da sharaɗi," in ji shi. "Ranar da aka kwance shi, nawa ne. Yadi uku na tampol mai kyau, ga rumfar shagona tana yoyo."

"Na ba ka. Fuskar ta kalli ƙasa, masu kawo ɗinki su riƙa gaishe ta?"

"Sama za ta kalla. Tsuntsaye ba su san ni ba."

Ya fashe da dariya har tabarau ya zamo masa ƙarshen hanci. Ya tura shi da yatsa, ya matsa gaban hoto na biyu, ya kama bakin tampol ɗin yana girgiza kai.

"Nawa suka rage?"

"Goma sha ɗaya."

"To tsayuwar me kike yi? Riƙe mini nan."