Mai Gaida da Na'urar Kunne

Wani ne a ƙauyenmu, can saman tsaunukan Rodopi, ya wayi gari ya ce duk mutanen gari sun koma magana ciki-ciki. Ya je ya samu fada, limamin cocinmu, ya ce ƙararrawar coci ta mutu, a sake wata. Zakaransa ma ya yanka shi, wai ya daina cara. Ya sayo wani, shi ma ya yanka.

Ranar da motar asibiti mai gwajin kunne kyauta ta tsaya a dandali, matarsa Nedyalka ta kamo hannun rigarsa.

"Tashi mu je, tun kaji ba su ƙare ba."

"Na ci ai," in ji shi. "Na ƙoshi."

Haka ta ja shi har cikin motar. Likitar, wata Dakta Velkova, ta zaunar da shi, ta rufe masa kunnuwa da abin sauraro, ta miƙa masa maɓalli. Ta ɗaga murya: "Baba, in ka ji ƙara, ka danna!"

Shi kuwa ya ɗauka jarrabawa ce, kuma bai ga dalilin da zai faɗi a gaban mata biyu ba. Sai ya kafa wa hannun likita ido. Ta motsa yatsa, ya danna. Ta gyara tabarau, ya danna. Ta kori ƙuda, ya danna sau biyu.

Dakta Velkova ta dube shi. "Baba, ban kunna ba tukuna."

Ya juya wajen matarsa. "Kin gani? Yabona take."

Aka juya masa kujera ya fuskanci bango, aka sake. Wannan karon, da maɓalli a hannu, bai danna ko sau ɗaya ba har aka gama. Bayan kwanaki aka kawo masa na'urar ji, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake, aka liƙa masa a kunne.

Abu ya yi kyau. Ya tsaya a ƙofar gida ya ji ƙararrawa, ya gyaɗa kai ya ce, "To, sun gyara ke nan."

Ana nan sai bikin jikarsa ya zo. Dama shi ke busa gaida, algaitar nan tamu ta fatar akuya, a kowane biki na ƙauyen, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Aka jera tebura, aka zuba rakiya, barasar nan tamu ta gida, amarya ta fito. Ya cika fata da iska, ya matse ta a hammata, ya busa.

Ya tsaya cak. Ya waiga.

"Wane mara mutunci ne yake yanka akuya a bikin jikata?"

Ya sake busawa, ya sake tsayawa. Ya zare na'urar ya nuna wa Nedyalka.

"Wannan abin ya lalace. Ɓata mini kiɗa yake yi."

Ta ce, "Mayar da shi, lafiyarsa ƙalau. Mu haka muke ji tun ina amarya."

Ya mayar, ya ce, "Ƙarya kike, tsohuwa! In haka ne, me ya sa a kowane biki mutane ke miƙewa suna ɗaga mini hannu, suna ihu in ƙara?"

Nedyalka ta kurɓi rakiyarta, ta ajiye kofi.

"'Ka bari' suke cewa."