Ga Rakoda, Babu Batir

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

"Da saura, wanda zai ishe ni in yi maka takaba in sake miji," in ji Iya Adama, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ranar Juma'a ce da la'asar sakaliya a Ƙarfi, lokacin cirar auduga. Ta bayan danga gonaki sun yi fari ƙal, iska na ɗauko 'yan zare-zare tana yawo da su a tsakar gida. Aƙilu, jikanta mai awon auduga a Funtuwa, saukarsa ke nan daga mota. Ni dai a garin nan ban san mai taurin kai irin Iya Adama ba, ban kuma san mai bakin tsiya irin Aƙilu ba. Allah ne ya haɗa su, ya bar mu da kallo.

Tana zaune a tabarma, gabanta wani abu a kan faifai, an lulluɓe shi da kallabinta na zuwa suna. Aƙilu ya tambaya ko sabon angon ne aka ɓoye. Ya sa hannu ya yaye, sai ga rakoda sabuwa dal, ga kaset ɗaya a gefenta.

Kaset ɗin nan kowa ya san labarinsa. Rabe, uban Aƙilu, shekara tara ke nan da tafiya aikin hajji, ya zauna can Jidda yana neman abinci. Wata biyu da suka wuce wani alhaji mutumin Dayi ya dawo da kaset, ya ce Rabe ya yi magana a ciki, a ba mahaifiyarsa. To, Rabe ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, in ya kira ta ba ta amsawa, sai dai ta aika wani ya ji abin da yake so. Ina za ta ɗauki kaset ta kai gidan maƙwabta a kunna, mata su zauna suna leƙen fuskarta? Ta gwammace ta ajiye shi cikin kwalla, ba ta ji ba, ba ta bar kowa ya ji ba. Aƙilu ya roƙa ya tafi da shi Funtuwa, ta ce rakodojin birni cin kaset suke yi.

"Wannan fa, me za a ji da ita?" in ji Aƙilu.

"Wa'azi."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa, tsohuwa. Wa'azin da liman ke yi kyauta kina gyangyaɗi?"

"Gyangyaɗin da nake yi ya fi sallar da kake yi a guje kamar kaza na tsattsage."

Ya ce to a kunna ya ji malamin. Ya danna, shiru. Ya juya bayanta ya buɗe, ramin batir fayau. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ta ce masa rakodar tana azumi ne, abin da shi bai taɓa kaiwa azahar da shi ba.

Nan ya fasa ƙwai. Ashe ya biyo ta Malumfashi, ya shiga kantin ƙungiyar manoma, Jimoh akawun kantin ya kwashe labari ya ba shi. Mai katin ƙungiya naira sittin ake sayar masa da rakoda, wanda ya zo da tsabar kuɗi ba kati kuwa saba'in da biyar. Iya Adama ta je da kati, na mijinta Malam Mudi da ya rasu bara, mai hotonsa manne a jiki. Jimoh ya ce, "Iya, mai katin nan ya riga mu gidan gaskiya. Ƙa'ida ita ce in karɓi wannan in ajiye, in rubuta miki sabo da sunanki, ki saya da rangwame." Ta ce ya ba ta katin ta duba wani abu. Yana miƙa mata ta soke shi a lalita, ta kwance bakin zane ta zazzage masa duk abin da ta tara na ƙuli-ƙuli da cirar auduga. Ya yi lallashi har da rantsuwa, ta ƙi. Kuɗin motar komawa gida ma shi ya cika mata.

"Naira goma sha biyar a kan tsohon da ko murmushi bai iya ba a hoto," in ji Aƙilu. "Ga ni nan da raina, saurayi sabon jini, ko sisi ban taɓa gani ba."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Shi ko a takarda ya fi ka kwarjini."

"Hularsa a karkace take."

"Mai hoton ne ya karkace. Kai da aka haife ka a karkace fa?"

Sai ta shafa wajen lalitar. Ta ce masa hoton nan shi kaɗai ne Malam ya taɓa tsayawa aka ɗauka, kuma in ta duba, kallon nan ne yake yi mata na sanda ya dawo daga gona yana jiran ruwa. Ta ce ba za ta bar shi ya kwana cikin durowar kanti tare da rasiɗan taki ba. Wallahi na ji tausayinta a wannan magana, shi ma ja'irin ya ji, don sai da ya ɗan sunkuyar da kai.

Amma mai hali ba ya barin halinsa. Ya tambaye ta kwana nawa rakodar ta yi a gidan. Ta ce uku. Me take yi da ita? Ta ce ji take yi.

"Ba batir?"

"Abin da babba ya ji yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai ji ba."

"Hangowa ake cewa."

"Ni ji nake cewa, kuma na girmi karin maganar."

Ta lumshe ido ta shiga ba shi labarin abin da take ji. Ta ce in hantsi ya yi, gari ya watse gona, takan sa kaset ɗin ta danna, sai ta ji ruwa, irin wanda aka ce ba a hango ƙarshensa, yana zuwa yana komawa. Takan ji jiragen ruwa suna kuka daga nesa. Akwai wani dogon titi da fitilun da ba a zuba musu kananzir, da mutane cikin fararen kaya suna tafiya ba sa sauri. A cikinsu akwai wani mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, tun faɗowar da ya yi daga kan jaki yana yaro. Kullum sai ya kusa juyowa, sai akuya ta yi kuka ko wani ya yi sallama.

Aƙilu ya gyara murya, ya ce ta kwantar da hankalinta, da an gama cinikin auduga jirgin sama zai saya, ya sauke shi nan bayan rumbu. Ita za ta zauna gaba kusa da direba, a buɗe mata taga ta riƙa tofar da goro a kan Sudan. In sun isa zai sa a jera mata haƙoran Makka talatin da biyu.

"A jikin me za a dasa su?" in ji ta. "Ka fara sayen takalmi ƙafa biyu iri ɗaya tukuna."

"Gajimare zan yanko miki ki yi abawa."

"Ka yanko, in saƙa maka wando, ko ka daina aron na abokai."

Daga nan ya sa hannu a aljihun riga ya fito da batir shida, manya, sababbi a takardarsu. Ya jera su a bakin tabarma, inda hannunta ba zai kai ba. Idonta ya sauka a kansu bai tashi ba. Ya ce nata ne, sadaki ne ma, amma da sharaɗi guda: ta faɗi sunan malamin da ke wa'azi a kaset ɗin.

"Wancan ne."

"Wane wancan?"

"Uban marar kunya."

"Marasa kunya suna da yawa a Ƙarfi. Suna nake so."

Ta dube shi ta dubi batir. Ta ɗauki kallabi ta sake lulluɓe rakodar a hankali, ta ce ya kwashe kayansa, wanda ya jira shekara tara ba zai gaza jiran kasuwar Malumfashi ta gaba ba. Bakinta ne ya faɗi haka, amma idonta yana kan batir ɗin. Aƙilu ya gani.

"Kin ci, tsohuwa," ya ce yana dariya. "Ni na janye. Miji nagari ba ya ja da amarya."

Ya zuba batir ɗin, ya tura ƙyauren zaure don kada wani ya faɗo, ya dawo ya danna. Aka ji shuuu, sai ƙahon mota daga nesa, sai tari. Murya ta yi sallama, ta yi kauri fiye da yadda suka san ta. Aƙilu ya amsa a hankali. Ita kuwa ta kau da kai tana kallon danga, kamar ba da ita ake ba.

"Iya," in ji muryar. "Iya, kina ji na?"

"Na'am," in ji Iya Adama.

Shekara arba'in da shida yana kiran ta, sai yau ta amsa. Aƙilu ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya sa hannun riga yana goge fuska.

"Kai kuma ka zauna kana kallo na," in ji ta. "Mayar da shi baya, ban ji da kyau ba."