Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na mayar da kaina bakanike ba. Allah ya sani na so in manta, amma abin ya ƙi barina.

Ni mai sayar da taki ne da maganin feshi a Funtua, kuma sana'ar ba ta zaman shago kaɗai ba ce. Dole ka shiga ƙauye ka ga manomi a gonarsa. Motata kuwa 'yar ƙarama ce, cikinta kusa da ƙasa, irin wadda aka ƙera don kwalta. Da ruwa ya sauka burji ya zaizaye, sai in riƙa jin cikinta na gogar ƙasa kamar ana kankare tukunya. Sau biyu salansa na faɗuwa a hanya ina ɗaure shi da waya.

Ana haka wani mai sayar da kayan mota, Ibo ne amma haifaffen garin nan (Hausarsa ta fi tawa, har karin magana yake jefa min), ya nuna min wata shokozoba, abin nan da ke rage wa mota girgiza, irin wadda ake daidaitawa. A jikinta akwai zobba. Na ƙasa shi ke ɗaga mota ko ya sauke ta, na sama shi ke riƙe sifirin, kowanne kuma da abokinsa da ke kulle shi. A can samanta akwai ɗan kunne da ake juyawa, mota ta yi laushi ko ta yi tauri. Ina ganinta na ji kamar don ni aka yi ta: da damina in ɗaga, da rani in sauke. Nan take na saya.

Malam Iro, bakaniken da ya shekara goma yana duba min mota, shi ya ɗaura ta. Ya ɗaga motar daidai misali, muka zaga gari, shiru kake ji. Da zan tafi ya ce, "Alhaji, in kana son ƙari ko ragi ka kawo min ita. Zoben saman nan dai kada ka taɓa shi." Na ce to. Kuskurensa ɗaya, ya miƙo min sifanar da ta zo a cikin kwalin.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sati biyu na yi ina kallon bidiyon masu gyaran mota a waya, har na gamsu cewa Malam Iro tsoro ne ya hana shi ɗaga motar yadda ya kamata. Wata ranar Asabar da hantsi na sa jak a ƙofar gida, na cire tayoyin baya, na kama murza. Zoben ƙasa ya yi min gardama, na sama kuwa ya bi hannu, don haka shi na yi ta murzawa har sifirin ya takure. Motar ta ɗaga kuwa. Maƙwabta suka tsaya kallo, wani ya ce, "Ashe Alhaji har da kanikanci?" Na ce ai abin ilimi ne kawai. (Zoben kullewa ko tuna shi ban yi ba, hankalina na kan masu kallo.)

Washegari ƙara ta fara. Ƙwal, ƙwal, daga baya, duk lokacin da taya ta taka rami. Na kwashe duk abin da ke cikin but. Ƙwal. Na ɗaure safaya da igiya, na naɗe jak da tsumma. Ƙwal. Na ƙara wa salansa waya. Kunyar Malam Iro ta hana ni komawa wurinsa, sai na je wani garejin a hanyar Malumfashi inda ba a san ni ba, na sa aka canza bushin da ba abin da ya same su. Ƙarar na nan. Da abin ya ishe ni sai na fara faɗa a majalisa cewa jabun kaya aka sayar min, na kama sunan bawan Allah ina yayatawa, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Daga ƙarshe na tuna da ɗan kunnen nan na sama. Na juya shi wajen tauri har sai da ya ƙi motsi. A kan kwalta ƙarar ta ragu sosai, na ce alhamdu lillahi na gano bakin zaren. Matata ta shiga baya sau ɗaya za mu je suna, ta ce motar na neman zubar mata da hanji. Na ce ba ta saba da kayan zamani ba ne. Ni da ke gaba, riƙe da sitiyari, na saba da girgizar har ina kiranta ƙarfi.

Ranar da abin ya faru, da sanyin safiya ƙanwata Rabi ta kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Danja. Ta ce Inna ta zame a bakin rijiya, ta faɗi a kan ƙugunta, ta kasa tashi. Na bar shago a buɗe na kama hanya.

A nan sai na yi wa mai karatu bayani. Ni ne ɗan farin Inna, ita kuma mutuniyar da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon idona, ba ta yi min magana kai tsaye sai dole. In tana son in ci abinci sai ta ce da Rabi, "Ki ce da yayanki tuwo na hucewa," alhali ina zaune a gabanta. Ina yaro abin ya yi min ciwo. Da na girma na gane kunya ce, kuma a cikin kunyar nan take ɓoye son da take min.

Na tarar da ita kwance a tabarma, gumi ya jiƙa mata fuska, ba ta ko nishi. Ƙanenta, Kawu Musa, ya riga ya yi shiri. Ya samo bas ɗin wani maƙwabci, Malam Sule, wadda ake lodin tumatir da ita, an cire kujeru an shimfiɗa katifa biyu a ciki, za a kai ta asibiti a Funtua. Na dubi bas ɗin, tsohuwa, fenti duk ya kwaile, tana warin kwando. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, ina da mota a kai mahaifiyata a motar tumatir?"

Ya ce, "Ɗan nan, a nan za ta miƙe sosai. Sule kuma ya san hanyar, ƙwai ma yana ɗauka."

Na ce, "Tawa shokozoba ce ta musamman, ni na daidaita ta da hannuna. Ba za ta ji komai ba."

Kawu ya dube ni, ya dubi 'yar'uwarsa. Inna ta juyar da kai wajen bango ta ce da Rabi, "A yi yadda ya ce." Ba za ta kunyata ɗanta a gaban mutane ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin yarda. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Rabi, ƙafafunta a ɗan lanƙwashe don kujerar ba ta kai tsawonta ba. Kawu ya shiga gaba. Kafin ya shiga na ga ya yi wa Malam Sule magana, bas ɗin ta biyo mu da sauran dangi.

Daga ƙauyenmu zuwa kwalta tafiya ce mai ɗan nisa, kuma ruwan shekarar ya cinye hanyar. Muna fita gari ƙarar ta dawo, har ta fi da. Ga abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: kunnena ba ya wajen Inna, yana wajen ƙarar. Ina tuƙi ina lissafi a zuci, daga dama take ko daga hagu? Har gilashi na sauke don in ji da kyau.

Rabi ta ce, "Yaya, Inna ta ce a rage gudu."

Na rage, duk da ba gudu nake ba. Amma mota ta zama katako, kowane ɗan dutse sai ya iso har kujera. Can Rabi ta sake cewa, "Yaya, a hankali don Allah." Na ce mata mun kusa kwalta. Ba mu kusa ba. Kawu ya dafe gaban motar da hannu biyu yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Akwai wani kwalbati da ruwa ya cinye bakinsa, tsakanin gonakin rake. Na lallaɓa tayoyin gaba suka wuce. Da na baya suka faɗa, motar ta buga, ta yi tsalle ta sake bugawa. A nan na ji sunana.

Ba laƙabi ba, ba "yayanki" ba. Sunana na yanka, wanda aka raɗa min ranar suna. Ta faɗe shi a hankali, sannan ta ce, "Don girman Allah ka tsaya."

Na taka birki. Na juya, karo na farko tun da muka taso. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije har ya yage, hawaye na gangara cikin kunnenta. Rabi na kuka ba sauti. Ashe tun daga ƙofar gida take cikin wannan hali, tana haɗiyewa don kada a ce motar ɗanta ba ta da kyau.

Bas ɗin ta tsaya a bayanmu. Manoma da ke aiki a gefen hanya suka ajiye fartanya suka zo. Mutum shida suka ɗauke ta a cikin zane, a hankali, suka shimfiɗe ta a kan katifun da na raina. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Malam Sule ya wuce ta gabana ya ce, "Sannu Alhaji," ya shiga ya tayar da mota. Kawu ma ya koma bas. Na biyo su a baya ni kaɗai, ina kallon yadda tsohuwar motar tumatir ke lanƙwasa a kan ramuka tana miƙewa, tawa kuma tana ta ƙwal, ƙwal har Funtua.

A asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ce ƙashin ƙugun ya karye kuma ya goce daga wurinsa, sai an yi aiki. Na bi shi har baranda na tambaye shi ko faɗuwar ce ta gotar da shi ko hanya. Ya ce ba zai iya sani ba. An yi aikin, Allah ya sa an dace, yau Inna na takawa da sanda. Amma wannan "ba zan iya sani ba" ita nake ɗauke da ita har gobe.

Bayan an sallame ta na kai wa Malam Iro motar. Ya riga ya ji labari (a Funtua labari ba ya jiran mai shi). Ya durƙusa ya leƙa, ya sa yatsa biyu ya juya zoben kullewa, ya juya sakwaf. Ya ce, "Ga ƙararka nan." Ya dubi sifirin da na takure, ya buɗe but ya taɓa ɗan kunnen ya ji shi a ƙarshe. Ya ce, "Wa ya taɓa ta?"

Na ce, "Ni ne."

Ya goge hannu ya ce, "Alhaji, kafin in gyara, shiga baya ka kwanta."

Na zaci wasa yake. Ba wasa a fuskarsa. Na cire hula na kwanta a inda Inna ta kwanta, ya ja motar ya bi wata hanyar burji da ke bayan garejin, a hankali, ba gudu. Haƙorana suka riƙa haɗuwa. Kowane rami sai na ji shi a gadon bayana har ƙeya. Na yi niyyar in daure, amma ko minti biyar ban cika ba na ce, "Malam Iro, ya isa."

Ya tsaya. Bai juyo ba ya ce, "Kai ke nan da ƙashinka lafiya."

Muka koma gareji. Gyaran motar bai ɗauki awa guda ba. Ya sassauta sifirin, ya daidaita tsawon ta zoben ƙasa, ya kulle kowanne, ya mayar da kunnen tsakiya. Ƙarar da na yi wata guda ina farauta ta ɗauke ɗif. Daga nan na wuce shagon mai kayan mota na ba shi haƙuri a gaban mutane, tunda a gaban mutane na ɓata shi. Ya ce ya yafe, amma nan gaba in zan yi kanikanci in fara da keke.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da na durƙusa a gabanta ina neman gafara, sai ta dubi Rabi ta ce, "Ki ce da yayanki Allah ya yi masa albarka, ai kawo ni ya yi." Wannan albarkar ta fi min kowane faɗa nauyi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Mai riƙe da sitiyari shi ne na ƙarshen sanin yadda mota ke tafiya, kuma shirun wanda ke baya ba shaidar daɗi ba ce. Yanzu ko buhun taki na ɗauko sai na waiwaya na duba shi. Na shekara arba'in ina marmarin jin sunana a bakin mahaifiyata. Na ji sau ɗaya, kuma ina roƙon Allah kada in sake ba ta dalilin faɗarsa.