Ranar da na nema wa kanarin surukina abokan hira

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na tsufa na rikice, da abin da na yi wa kanarin surukina a Roni. Ina sabuwar amarya lokacin, mai neman a ce ta iya. Baba, wato surukin nawa, zai tafi Babura jinyar ƙaninsa, sai ya aiko mini da kejin tsuntsunsa, wanda yake kira Gwamna, ya ce in riƙa ba shi gero da ruwa. Tun rasuwar Inna, matarsa, muryar tsuntsun nan ce ke ɗebe masa kewa, duk unguwa ta san haka.

To ni da shegen tausayi. Kullum in ga Gwamna shi kaɗai yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa, sai na ce wannan ai kaɗaici ne. Ranar kasuwa na sa aka sayo mini beni, 'yan ƙananan jajayen tsuntsayen nan, na zuba su cikin kejinsa (mijina ya ce in bari, na ce masa bai san halin tsuntsu ba. Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba!). Suka mamaye masa kwanon gero, suka hana shi sandar da yake tsayawa. Gwamna ya takure a lungu ya yi gum. Ni kuwa har murna nake, wai ya samu natsuwa.

Ashe Baba ya gama cika wa abokansa na Babura baki a kan muryar Gwamna. Ranar da ya dawo, da su ya dawo. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ce a kawo Gwamna. Ina laɓe bayan ƙofa ina jiran yabo. Shiru. Wani dattijo ya yi fito, ya sake yi. Beni ɗaya ya ce “tsit”.

“'Yata,” in ji Baba a hankali, “wa ya yi wa Gwamna baƙi?”

Na durƙusa daga bayan ƙofar na ce, “Ni ce, Baba. Na ga kullum yana kuka ne. Amma alhamdu lillahi, yanzu ya daina.”

Wayyo Allah! Dattijon nan ya yi dariya har da tari. “Yarinya, ai kukan muka hau mota muka zo ji!”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba kuwa bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi da su, “Ku ƙyale ta. Wadda ta tausaya wa tsuntsu, ni ma ba za ta bar ni ni kaɗai ba.” Nan ne fa na fashe da nawa kukan.

Aka raba musu keji, amma sai da damina ta faɗi kafin Gwamna ya huce ya buɗe baki. Tun daga nan, kafin in share wa wani hawaye, sai na fara tambaya ko waƙa yake yi.