Dutsen Da Na Zana Ya Zama Tuwo

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da sojoji suka koma bariki ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, aikin wucin gadi, kullum ina addu'ar a tabbatar da ni. Sai hedimasta ya ce sabon kansilanmu zai kawo ziyara, kuma kalmarsa ɗaya ta isa a ba ni takarda.

Ni da iya yi, don in burge shi, na ce zan zana dutse mai aman wuta da fentin ruwa. (Duk rayuwata Dala da Goron Dutse kaɗai na sani, su ma ko tari ban taɓa jin sun yi ba.) Na sayo fenti a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi. Don kada ya ƙare, na yi ta labta ruwa. Dutsen ya fito fari fat, a mulmule. Ja da rawaya suka gangaro ta gefe, hayaƙi siriri a sama. Ni dai a idona ya yi kyau.

Sati biyu ina horar da 'yan ajina. In na nuna na ce, "Mene ne wannan?" sai su amsa baki ɗaya.

Ranar ziyara Alhaji kansila ya tsaya gaban zanen, ya gyara hula.

"Masha Allah! Tuwon shinkafa da miyar taushe, har da tururi! Malam, ka gane manufarmu, tuwo a kowane gida."

In gyara masa a gaban jama'a, in rasa aiki? Na rusuna na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe, abin da na nufa ke nan."

Da ya wuce, da shi ke nan. Ina! Sai ya juya ya nuna zanen.

"Yara, mene ne wannan?"

Baki arba'in suka tashi kamar rufin zai yaye: "DUTSE MAI AMAN WUTA!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Hedimasta ya kama kallon silin. Alhaji ya dube ni, ya dubi zanen, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"A ba shi aikin," in ji shi. "Mai iya tuƙa dutse ya zama tuwo ba a barinsa da yunwa."

Na samu takardar, na samu suna. Yau ɗalibaina na da, wasu da furfura, in sun gan ni a Hotoro sai su durƙusa da ladabi: "Malam Tuwo, ina wuni?"

Darasin da na koya: in za ka yi ƙarya, kada ka fara horar da shaidu arba'in.