Sanarwar Rasuwar Kulocin 'Yar Gajera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata cike da baƙin mai, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kulocin motata, ƙaramar nan mai ja da ƙafa huɗu da kuka fi sani da 'Yar Gajera. Rai ya yi halinsa a tsakiyar hawan da ke kaiwa gidan Inna, mahaifiyata, bayan doguwar jinyar da marigayin ya ɓoye har ƙauri ya tona masa asiri.

Marigayin mai haƙuri ne. Kullum ana taka shi, bai taɓa ramawa ba. Duk rayuwarsa a tsakanin giya ya yi ta, amma ba wanda ya taɓa ganin ya bugu. Ya fitar da ni daga yashi, ya fitar da ni daga taɓo, ya kuma jure koyon tuƙin uwargida, wanda shi kaɗai ya isa a yafe masa sauran kurakuransa.

Ciwon ya fara ne da santsi. In na taka totur sai inji ya yi ta ihu, mota kuma tana tafiyar mai ciwon ƙafa. Daga baya ya koma cewa “ƙiiii” duk safiya. Maganarsa ta ƙarshe ita ce “ƙrrr, tas,” daga nan feda ta kwanta a ƙasa ba ta sake tashi ba.

Ya rasu ya bar ƙannensa biyu, birki da totur, da abokin zamansa giyabos, da ƙafata ta hagu wadda har yanzu take laluben inda ta saba. Ya kuma bar Inna a bayan tudu. Ranar Litinin likita zai yi mata aikin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ake son cetowa, kuma likitan ya ce in aka wuce wannan rana, layi zai koma da ita can baya, idon kuwa ba zai jira layi ba. Tun da ruwa ya cinye hanyar, babu motar da ke hawa can sai 'Yar Gajera, Inna kuma ba ta iya zama a kan babur.

Bakanikena ya yi tafiya, don haka aikin fito da gawa ya faɗo kaina ni da mijin yayata, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya gyara fanka. Ban san marigayin ya yi nisa da jama'a haka ba. Kafin ka ga fuskarsa sai ka kwance farfela, wato sandar ƙarfen da ke juya tayoyi, ta gaba da ta baya, ka sauke ƙaramin giyabos, sannan ka sauke babban, kana kwance rigingine, ƙasa tana zuba maka a ido. Wanda ya ƙera motar nan, ina kyautata zaton ba shi da yatsu. Akwai wani noti a can sama da sai da na zage shi da sunan kakansa kafin ya motsa.

Muka sayo magaji, sabon farantin kuloci fil a kwali. Ashe fuska biyu gare shi, ɗaya mai tudu, ɗaya shafaffiya, da wani ɗan rubutu a jiki wanda maiƙo ya rufe. Na ce, “Yaya, wace fuskar ke kallon inji?”

Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, “Kai dai ka cika tambaya. Mai kyawun ai ita ake nuna wa babba. Miƙo sifana.”

Na miƙa. Muka ɗaga giyabos a ƙirji, muka mayar da komai, muka ɗaure har notin nan mara mutunci. Na tayar da mota, na taka, na nemi giya ta ɗaya. Sai magajin ya ce “garrrr,” ya ƙi. Na nemi ribas, ya maimaita. Mun saka shi a juye. Injiniya ya share hannunsa a tsummana ya ce dama tun farko jikinsa bai ba shi ba, sannan ya tuna ana nemansa a gida. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai gyaru ba.

Saboda haka ga yadda aka tsara. An ɗage jana'izar marigayin har sai an sake kwance komai an juya magajinsa, daga nan za a miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana, ƙarƙashin mota. Wanda ya zo zai tarar da ƙafafuna a waje, ya gaishe su, zan amsa daga ciki. Kada a kawo shawara, muna da ita har ta yi yawa. A zo da jak da ƙarfin ɗaga giyabos.

Roƙo na ƙarshe: duk wanda Inna ta kira a waya, don Allah kada ya yi mata ta'aziyya, ba ta da labari. Ɗazu ta ce mini, “Na ɗaure jakata, ɗan nan. Kujerata na bakin ƙofa, ko ban gan ka ba zan ji ƙarar motar.”

Na ce mata to, Inna, ina hanya.