Wuyan Pak Darmaji

Allah ya raba muryoyi a tsibirin Jawa, amma da ya zo kan Pak Darmaji, dagacin ƙauyenmu, sai ya cika masa mudu har ya zuba. (A nan Pak laƙabin girmamawa ne na maza, Bu kuma na mata.) In ya yi gyaran murya, agwagin fadamar shinkafa kan tsaya cak. Tsawar Gabas ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa.

Da mashaƙo ya ɓulla a ƙauyukan maƙwabta, aka sa ranar rigakafi, kuma shugaban gunduma zai zo. Burin Pak Darmaji ke nan a duniya: ya yi jawabi, babban mutum ya gyaɗa kai.

"Allura ta yara ce da talakawa," ya ce wa matarsa, Bu Sumirah. "Cuta ta san manya."

"Ta san matsorata dai, Pak."

Ana jibi taro, wuyansa ya kumbura, ya yi sumul kamar na saniyar layya. Ya dubi madubi, ya ji daɗi.

"Bu, zo ki ga wuyan mulki!"

"Iska ce ta shige ka," ta ce, ta kankare masa baya da kwabo har ya yi ja, yadda ake fitar da iskar sanyi a nan.

Ya sa tela ya buɗa wuyan rigarsa. Yana tafe yana tari a tafin hannu, yana miƙa wa jama'a hannun nan mai albarka su sumbata, kamar yadda ladabi ya tanada. Babu wanda ya yi wa rowa.

Ranar taro ya hau mumbari, ya ɗaga haɓa, ya wangame baki. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba. Likita Wulan, da ke zaune a gaba, ta hango farar fata shimfiɗe a maƙogwaronsa.

"Pak Dagaci, rufe baki! Mashaƙo ne!"

Aka yi asibiti da shi, aka killace shi, aka yi ta ɗirka masa allurar da ta san manya. Duk wanda ya sumbaci hannun nan, wato kowa, ya ruga layin rigakafi yana goge leɓe, ya karɓi ƙwayoyi.

Shugaban gunduma ya dubi layin, ya gyaɗa kai.

"Ban taɓa ganin dagacin da ya wayar da kan jama'a haka ba. Ku ce masa duk taro ya riƙa yin shiru."